Akwatuna Biyu a Zauren Tsohon Malami

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowace ajiya ce mai ita yake tunawa da ita ba kafin gara ta riga shi. A wata unguwa ta Birni, cikin Damagaram, akwai wani tsohon malamin makaranta wanda ya yi aikin koyarwa fiye da shekara 30 kafin ya ajiye alli. Duk wanda ya taɓa shiga zaurensa ya san akwatunan katako guda biyu da ke jingine a kusurwa, kowanne ya kai tsawon gwiwar babban mutum har ya ɗan zarce, gabansu lulluɓe da wani yadi mai ruwan ƙasa. A kan ɗaya an tara tsofaffin littattafai, a kan ɗayan kuwa buta da tasbaha. Yaran gidan da aka haifa bayan shekarar 1993 ba su taɓa jin waɗannan akwatuna sun yi magana ba, don haka a wurinsu tebura ne kawai da ba su da ƙafafu.

Alhali kuwa lasifikoki ne, kuma akwai lokacin da unguwar gaba ɗaya ta san muryarsu. Malamin ya saye su a shekarar 1979 daga hannun wani Bafaranshe abokin aikinsa da ya gama wa'adinsa zai koma gida. Zamani ne da kuɗin yuraniyom na Arlit da Akuta suka ɗan sa ma'aikacin gwamnati ya iya ɗaga kai ya dubi abin marmari, duk da haka sai da cinikin ya cinye masa albashin wata biyu. Tare da akwatunan ya karɓi na'urar juya faifai, da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, da kuma faya-fayai kamar 40. Cikinsu har da waɗanda kamfanin Ocora na Faransa ya buga, na kaɗe-kaɗen maroƙan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya naɗa a farkon shekarun 1960. A wannan zaure ne mutane da dama suka fara jin kakaki da algaita suna fitowa daga cikin akwati kamar mabusan suna tsaye a bakin ƙofa.

Bayan haka malamin ya sayi rikoda, ya shiga wani aiki da babu wanda ya sa shi. A lokacin hutun makaranta yakan hau babur ya zaga ƙauyukan Mirriya da Matamaye da Magarya, yana naɗar waƙoƙin daka da na niƙa, da kiɗan noma, da kirarin mafarauta, da tatsuniyoyin tsofaffi. Cikin shekara 5 ya tara kaset fiye da 60, kowanne da sunan gari da kwanan wata a rubuce da hannunsa. A ɗaya daga cikinsu akwai muryar uwargidansa, tana amarya, tana yi wa ƙannenta tatsuniya a tsakar gida.

A daminar 1993 aka yi wata tsawa, wutar lantarki ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima, amfilifayar ta yi hayaƙi ta mutu. Ya ce bari a ga ƙarshen shekara. Sai ga watan Janairu na 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka ninka tsada, albashi kuma ya koma zuwa sa'ad da ya ga dama. Mai iyali ba ya zancen amfilifaya alhali buhun hatsi yana jiran kuɗi. Haka akwatunan suka yi shiru, shirun da ya kai shekara 30.

Abin da ya tashe su ƙaramin abu ne. Wata ƙungiyar raya al'adu ta tsofaffin ɗalibansa ta roƙe shi ya ba da aron kaset ɗaya na kiɗan ganga, aka juye shi cikin wayar salula, aka kawo masa ya ji. Ya kara wayar a kunne, ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya miƙa ta ya ce wannan ba shi ne kiɗan da ya naɗa ba. Samarin suka yi ta rantsuwa cewa shi ne. Ya ce musu muryar mawaƙin tana nan, ƙarar makaɗi a kan fata tana nan, amma gangar kanta ba ta zo ba. Kuma gaskiyarsa. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Amon babbar ganga da tambari, wanda ake ji a ƙirji kafin a ji shi a kunne, yana can ƙasa ne, inda ƴar lasifikar waya, da ba ta kai farcen yatsa ba, ba ta da ikon motsa iskar da za ta fitar da shi. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne, cikin samarin akwai masu koyon kiɗa, kuma daga waya suke koyo. Idan aka ci gaba a haka, za a wayi gari ana kwaikwayon rabin kiɗa ana zaton shi ne dukansa. Ga shi kuma shi kansa ya san kunnensa ya fara nauyi, kamar yadda yakan faru ga duk wanda ya manyanta, siraran sautuka su ne ke fara ɓacewa. Uwargidan tasa kuwa ta riga mu gidan gaskiya, muryarta na cikin kwali a ƙarƙashin gado.

Washegari ya sa aka sauke littattafai da buta, ya aika aka kira wani mai gyaran rediyo na kusa da Kasuwar Dole, wanda shi ma ya taɓa zama a ajinsa. Da aka cire yadin gaba sai aka ga ɓarnar da shekaru suka yi. Kowane akwati yana da lasifika uku: babba mai faɗin santimita 25 don amo mai kauri, matsakaiciya don muryar mutum, da ƙarama don siririn sauti. Takardar manyan tana nan lafiya, amma zoben soso da ke riƙe bakin takardar da jikin ƙarfe ya ruɓe, ana taɓa shi yana zubowa kamar garin ƙuli-ƙuli. Irin wannan soso, da aka yi ta amfani da shi a shekarun 1970, ba ya jure zafi da raɓa, yakan lalace ko ana amfani da lasifikar ko ba a yi. Gindin akwati ɗaya kuma gara ta ci shi har yatsa yana shiga.

Mai gyara ya duba ya girgiza kai, ya ce: "Mushe, abin mai sauƙi ne. A fitar da waɗannan tsofaffin, in sa maka sababbi irin na mota, kafin la'asar ka ji kiɗa."

Malamin ya ce: "Ɗana, in ka cire harshen mutum ka dasa masa na wani, wa zai yi magana?"

Ba taurin kai ne kawai ya sa ya faɗi haka ba. Tun da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana irin wannan lasifika a shekarar 1925, asalin aikinta bai canza ba: siririyar waya ce a naɗe, tana zaune a cikin ƙuntataccen rami na maganaɗisu, idan wutar sauti ta ratsa ta sai ta riƙa kai da komo, tana tura takarda, takarda tana tura iska. Amma akwatin ba marufi ba ne kawai. A shekarar 1954 wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur ya nuna cewa idan aka rufe akwati ruf, iskar da ke ciki takan zama kamar matashi mai mayar da takardar mazauninta, ta haka ƙaramin akwati zai iya fitar da amo mai zurfi. Akwatunan malamin irin waɗannan rufaffun ne. An auna girmansu ne daidai da nauyi da laushin lasifikar da ke ciki, saboda haka duk wata baƙuwa da aka cusa, ko da ta fi ta tsada, ba za ta yi magana da muryar da aka ƙera akwatin dominta ba.

Da mai gyara ya ga tsohon malaminsa ba zai sauka ba, sai ya ɗauko mitarsa ya fara aiki yadda ya kamata. A bayan kowane akwati an rubuta om 8, wato ma'aunin tirjiyar da lasifika ke yi wa wuta. Ya auna naɗin wayar kowace lasifika, manyan suka nuna kusan om 6, wanda shi ne daidai ga mai lamba 8. Da allurar ba ta motsa ba, da an san wayar ta ƙone. Duka shidan suna da rai. Aka aika wa wani ɗan malamin da ke aiki a Yamai awon bakin takardar da na ƙarfen, shi kuma ya sa aka yo odar sababbin zobba da gam ɗinsu daga Faransa. Sai da aka yi wata biyu ana jira.

A cikin jiran nan kafinta ya yanke ruɓaɓɓen gindin, ya sa sabon katako mai kauri ɗaya da na da, ya toshe duk wata kafa da gam, domin rufaffen akwati in yana shan iska ya tashi daga aiki. Mai gyara kuma ya buɗe ƴar allon da ke cikin kowane akwati, wadda ke raba sauti gida uku ta aika wa kowace lasifika rabonta. A kanta akwai kondansa, waɗanda ke da ruwan sinadari a ciki, ruwan kuwa yakan bushe da tsufa, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu. Idan suka bushe, rabon yakan karkace, har amo mai nauyi ya iya kutsawa wurin ƙaramar lasifika ya ƙona ta. Ya canza su da sababbi masu lamba ɗaya da tsofaffin, bai ƙara ba bai rage ba.

Ranar da zobban suka iso, malamin da kansa ya zauna a kan tabarma da reza da auduga da ɗan ruwan alkol, yana kankare tsohon gam daga bakin takarda a hankali, kamar mai fiɗar ƙaya daga ƙafar jariri. Kwana biyu ya yi a kan wannan kaɗai. Wuri mafi hatsari shi ne daidaita tsakiya. Tazarar da ke tsakanin naɗin waya da maganaɗisu ba ta kai milimita ɗaya ba, in aka manna zoben a karkace, wayar za ta riƙa gogar ƙarfe har ta tsinke. Mai gyara ya yanke ƴar hular da ke tsakiyar takardar, ya soka siraran yankuna na tsohon fim ɗin hoton asibiti kewaye da ramin don su riƙe wayar a tsakiya, sa'an nan aka manna zoben, aka bar shi ya kwana. Da safe aka zare fim, aka mayar da hula. Malamin ya sa yatsunsa ya danna takardar a hankali: ta shiga ba tare da ƙara ba. Da aka ɗaura ta a akwati ya sake dannawa, ta dawo sannu-sannu, alamar iska ba ta fita ta ko'ina. Daga ƙarshe aka taɓa wayoyin kowane akwati da batir mai volt 1.5, aka ga takardun biyu suna fitowa waje tare. Da ɗaya tana fita ɗaya tana shiga, da sai su riƙa cinye amon juna.

Saura amfilifaya, kuma a nan ne aka fi shan wuya. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ji masu iya magana, in ta bi akushi sai ta fashe. A kasuwa aka nuna masa wata sabuwa mai fitilu ja da shuɗi, an rubuta wat 3000 a jikin kwalinta da manyan baƙaƙe. Malamin ya sa tabarau, ya juya bayanta, ya ga wutar da take ja daga bango ba ta kai wat 100 ba. Ya tambayi mai kanti yadda tulu zai zubar da ruwan da ya fi wanda aka ɗura masa. Irin wannan lamba da ake bi da haruffan PMPO ba ta da wani ma'auni tsayayye. Lambar da ake dogara da ita ita ce ta ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa a kai a kai ba tare da sauti ya gurɓata ba, wadda aka saba rubutawa da RMS. Wannan ruɗu tsoho ne, shi ya sa tun a shekarar 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta tilasta wa masu ƙera na'urorin gida su riƙa bayyana wannan lamba ta gaskiya.

Wani mai kayan sauti na biki ya kawo tasa, mai wat ɗaruruwa, da fanka a ciki tana huci kamar injin niƙa. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: akwatunan an rubuta musu wat 50, kuma zaure ba filin kokawa ba ne. Wani kuma ya kawo ƴar ƙarama ta cikin tsohuwar rediyo, yana cewa ai ita ba za ta ƙona komai ba. Mai gyara ya ce ba haka ba ne. Na'ura marar ƙarfi in aka murɗa ta har ƙarshe takan datse kan igiyar sauti, datsewar kuwa tana haifar da wani kaifi mai zafi da ke tafiya kai tsaye zuwa ƙaramar lasifika ya gasa wayarta. Ya ƙara da cewa mutane suna ba wa yawan wat muhimmancin da ya wuce nasa. Wat ɗaya tak ya isa irin waɗannan akwatuna su cika ɗaki da sauti. Ninka ƙarfin na'ura sau biyu ba ya ƙara komai sai desibel 3, ɗan bambanci kaɗan, kuma kafin kunne ya ji sauti ya ninka sai an ninka ƙarfi wajen sau 10.

An kuma samo wata kyakkyawa daga cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su ta Kano, amma da aka duba bayanta sai aka ga volt 120 kaɗai take ɗauka, irin wutar Amurka, alhali tamu 220 ce. Mai gyara ya ba da shawarar a sayi ƴan ƙananan na zamani, waɗanda ba su fi littafin aljihu ba, ba sa zafi, ba sa shan wuta, har batirin hasken rana yana iya tayar da su. Malamin ya saurari ɗaya, ya yarda cewa sautinta ba shi da laifi. Sai dai ba ta da ƙofar na'urar faifai. Abin da allura ke tsamowa daga faifai raunana ne ƙwarai, kuma tun a wurin yanka faifan ana rage amo mai kauri ana ƙara siriri, don haka dole sai da wani sashe na musamman da zai ɗaga shi ya mayar da shi daidai. Tsofaffin na'urori da shi ake ƙera su.

Daga ƙarshe labari ya zo daga Maraɗi. Wani tsohon ɗalibinsa ya ga wata amfilifaya ƙirar Japan a ɗakin ajiyar mahaifinsa, irin waɗanda suka cika gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa a zamanin da sunayen Pioneer da Sansui da Kenwood suke bakin kowa. Fuskarta ta azurfa, nauyinta ya kai na ɗan akuya, wat 35 a kowane gefe a kan om 8, tana da ƙofar faifai da ta kaset, da maɓallin zaɓen wuta a baya. Aka ɗoro ta a mota, tafiyar kilomita 230 da ɗoriya, a naɗe cikin bargo. Malamin ya so a kunna ta a daren nan, mai gyara ya hana. Ya busa ƙurar hunturu ta shekaru daga cikinta, ya wanke maɓallanta, ya canza kondansan da suka kumbura. Da zai ba ta wuta karo na farko, sai ya ratsa ƙwan fitila a kan hanyar wutar, domin in akwai gajeriyar hanya a ciki ƙwan ya haskaka ya tare ɓarna. Ƙwan ya yi walƙiya ya dushe, alamar lafiya. Ya auna bakin da ake ɗaura lasifika ya tabbata babu wata tsayayyiyar wuta da ke zubowa. Sa'an nan ya ce sai an sayi na'urar daidaita wuta tukuna, kada abin da ya faru a 1993 ya maimaita kansa.

An ajiye akwatunan a kan bulo, nesa da ƙasa saboda gara, taku uku tsakaninsu, kujerar malamin a tsakiya. Aka fara da faifai. Dabarar raba sauti dama da hagu, wadda Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a shekarar 1931, ba ta shiga kasuwar faifai ba sai 1958, kuma kaset ɗin da malamin ya naɗa duk na baki ɗaya ne. Amma ko a haka, da aka sa kaset ɗin gangar nan, butar da ke gefe ta ɗauki rawa. Wani saurayi mai koyon kiɗa ya dafe ƙirji, ya ce ashe akwai bugu na biyu a ƙarƙashin wanda ya sani, wata shida yana kaɗa wannan kiɗa bai taɓa jin sa ba.

Wannan magana ta saurayin ta isa abin tunani ga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. A Yamai akwai ma'ajiyar sauti a gidan rediyon ƙasa da cibiyar CELHTO da IRSH, amma abin da ke cikin kwalaye a gidajen tsofaffin malamai da ma'aikata a Tawa da Maraɗi da Damagaram ba wanda ya san iyakarsa. Kaset ɗin da Mamman Sani ya naɗa a 1978 ya daɗe a ɓoye kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013, duniya ta ji shi. Zaren kaset yana tsufa, yana mannewa, yana tsinkewa, don haka wajibi ne a juye shi cikin kwamfuta tun da sauran lokaci, a kuma rubuta sunan gari da shekara da mai waƙa. Amma juyewa rabin aiki ne. Dole kuma a sami wurin da yara za su zauna su ji shi da cikakkiyar muryarsa. Ƙungiyar ɗaliban malamin ta ɗauki wannan hanya: jikarsa, wadda ke karatu a jami'ar Damagaram, tana juye kaset biyu kowane mako, ana taruwa a zauren duk yammacin Asabar, an kuma sayi ƴar ƙaramar amfilifayar nan ta zamani don kai sautin makarantun ƙauyukan da aka naɗo shi.

Kaset ɗaya ne bai bari an sa a gaban jama'a ba. Bayan sallar isha'i, da kowa ya watse, ya kira jikar tasa ya ce: "Amaryata, zo ki ji kishiyarki." Ta yi dariya ta ce: "Kaka, ai ni ba na kishi da tsofaffi." Ya danna maɓalli. Aka ji kukan tsanya, da ƙarar taɓarya daga maƙwabta, da tarin wani yaro, sa'an nan muryar wata yarinya ƴar shekara 19 ta buɗe tatsuniya, yara suka amsa mata baki ɗaya. Jikar ta daina dariya. Tsohon ya miƙa hannu ya ɗan rage ƙarar, ya gyara zama, suka saurara har zaren ya ƙare.